Mun Je Santambul Ba Don Sari Ba

Ɗan kasuwa yana iya yin shekara goma yana shiga gari bai san garin ba. Ku tambayi duk mai zuwa Guwanzu ko Dubai a cikinmu, in zai faɗi gaskiya, abin da ya sani bai wuce filin jirgi da otal da layin shaguna da ofishin kargo ba. Haka Santambul take a wurina tun 2013, shekarar da gobara ta cinye babbar kasuwar Lome a watan Janairu, na koma sayo takalma da dogayen rigunan mata daga Turkiyya. Laleli na sani, da Merter, da Osmanbey. Daga Laleli zuwa masallacin Ayasofya tasha uku ce kacal a jirgin ƙasan cikin gari, amma wanda ya zo da kuɗin mutane a jaka da kwana huɗu a tikiti ba ya yawon buɗe ido.

Mata ne suka tayar da maganar. Uwargidana da matar abokina Alhaji, maƙwabcinmu a nan Zongo mai harkar motoci a tashar jiragen ruwa, suka shekara biyu suna zuba adashi ba mu san abin da suke nufi da shi ba. Ranar da suka kwasa, uwargida ta ce da ni, "Alhaji, kullum Turkiyya, Turkiyya, mu sai dai mu ga leda. Ga kuɗin jirginmu, saura ku cika na yara." Muka cika. Mu tara ne: ni da ita da 'ya'yanmu biyu da Inna mahaifiyata, sai Alhaji da iyalinsa da 'yarsu da babban ɗansa, wanda ya gama lakwal shekara biyu yana zaune ba aiki.

Zongo ba ta yi shiru ba. An ce kuɗin Umra muka ɗauka za mu je kallon gini. Wani dattijo ya tare ni bayan La'asar ya ce jarin da bai juya ba ya mutu. Ban yi musu da shi ba, don lissafinsa daidai ne: abin da muka kashe ya kai sari guda mai kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mace ta shekara ashirin tana ƙirga kayan da suka fito daga wani gari, tana bin bashinsu gida-gida, sannan ganin garin ya zama almubazzaranci a kanta ita kaɗai.

Biza a nan Lome muka nema, tunda Turkiyya ta buɗe ofishin jakadanci a 2021. A watan Agusta na 2024, lokacin hutun makaranta, muka tsallaka Aflawo muka kama jirgi a Akra, wajen awa bakwai a sama. Suna gabanmu da awa uku, kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas. Inna da ta saba Magariba ƙarfe shida ta ce wannan gari ko azumin nafila ba za ta yi a cikinsa ba. Da na gaya wa yara cewa mutanen birnin nan sun haura miliyan 15, wato kusan ninki biyu na Togo gaba ɗaya, autata ta ce to su waye suke yi musu tuwo? Babu mai yi. Burodi ne da shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, da nama mai kyau amma ba yaji. Allah ya sa matan sun zo da yajinsu da gari.

Jumma'ar farko a Ayasofya muka yi ta. Ginin ya girmi Musulunci: Sarki Jastiniyan na Rumawa ya gama shi a shekara ta 537 a matsayin coci, ya zama masallaci da Sarki Muhammadu Fatih ya ci birnin a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan aka dawo da salla a cikinsa a watan Yuli na 2020. Duk wannan yana nan a jikin bango. Ga manyan allunan nan takwas masu sunan Allah da na Manzo (SAW) da halifofi huɗu da Hasan da Husaini, ga kuma hoton Nana Maryamu can sama wajen alƙibla an ja labule a kansa. Ɗana ya tambaye ni me ya sa ba a kankare shi ba. Na ce masa je ka tambayi wanda ya gaji gida mai tsohon rijiya ko yana cike ta.

Kashegari muka shiga fadar Topkapi, inda sarakunan Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400. Kuɗin shiga na baƙi ya yi tsada, har Alhaji ya fara lissafa shi da sefa a bakin ƙofa, matarsa ta ce, "Don Allah Alhaji, yau dai bar kalkuleta a aljihu." Akwai wani sashe da ake ajiye kayan amana waɗanda aka fara kawowa bayan Sarki Salim ya ci Masar a 1517: takubban da aka jingina wa Manzo (SAW) da sahabbai, akwatin zinariya mai alkyabbarsa, makullan Ka'aba. Alaramma yana zaune a gefe yana karatu, in ya gaji wani ya karɓa. Layi ne mai tsawo, masu gadi suna ta cewa a matsa. Minti goma muka yi a ciki, matan suka fito suna share ido.

Babbar kasuwarsu mai rufi, Kapalicarshi, ba ta burge mu ba. Dubban shaguna, fitilu, zinariya, amma farashin 'yan yawon buɗe ido ne. Uwargida ta taya wani mayafi, ta juyo ta ce da ni irinsa muke sayarwa a Asigame ƙasa da haka bayan mun biya kargo da duwan.

Inda tafiyar ta tsaya mini a rai shi ne Eyub, can ƙarshen wani reshen teku da ya shigo cikin gari. Nan kabarin Abu Ayyubal Ansari yake. Duk yaron da ya yi makarantar allo a Zongo ya san labarinsa: da Manzo (SAW) ya iso Madina, kowa yana so ya sauka a gidansa, aka bar taguwa ta zaɓa, ta durƙusa kusa da ƙofar Abu Ayyuba, ya zauna a gidansa wajen wata bakwai kafin a gama masallaci da ɗakuna. Wannan mutumin, da tsufansa, ya biyo rundunar da ta zo wa birnin nan a zamanin Mu'awiya, ya yi ciwo ya rasu, aka binne shi a gindin ganuwa. Muka yi sallama muka yi addu'a muka fito tsakar gida, inda tantabaru suke da wata tsohuwar bishiya.

Inna ta zauna ta ƙi tashi. Ta ce, "Ashe mai masauki ne. Mai masauki ya mutu baƙo." Ban taɓa kallon labarin ta nan ba. Mahaifina mai masauki ne a tsohuwar Zongo, wadda take tsakiyar Lome. Fatake daga Sakkwato da Maraɗi da Gaya suna sauka a zaurensa da shanu ko albasa, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu a ciniki. A 1977 hukuma ta rushe unguwar aka kwaso mutane zuwa nan Togblekope, wajen kilomita 15 arewa da gari, lokacin daji ne da sauro. Inna tana amarya. A gida ba ta cika son wannan zance ba, amma ranar nan, a gaban jikokinta, ta ba da shi tun daga farko: yadda aka ɗora kwanon rufi a kan mota, yadda baƙi uku da suke gidan suka bi su har sabon wuri don babu inda suka sani, yadda aka fara kafa rumfar baƙi kafin ɗakinta. 'Ya'yana ba su taɓa ji ba. Ni kaina rabin labarin na sani.

A dare na shida ne abin ya so ya lalace. Ɗan Alhaji ya ce zai je gaida wani abokinsa a Kumkapi, unguwar da ke gangaren Laleli inda 'yan Afirka suka yi yawa. Har ƙarfe ɗaya bai dawo ba, kuma fasfonsa ba ya cikin jakar uwarsa. Duk mai zuwa Turkiyya ya san abin da wannan yake nufi. Yaro ya ɓace har bizarsa ta ƙare, ya shiga sayar da agogo da turare a titi ko ɗaukar kaya a masaƙa, yana ɓuya daga 'yan sanda, don tun 2023 an tsananta binciken takardu. In ya tara kuɗi ya nufi Edirne, ya gwada tsallaka kogin da ya raba su da Girka. Kogin nan ya ci mutane da yawa.

Alhaji ya ce in ya kama shi sai ya karya shi. Na ce ya zauna wajen matarsa, ni na san layin. Na same shi a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa, katifu bakwai a shimfiɗe, ba taga. Ban yi masa faɗa ba. Na zauna na sha shayinsu, na tambayi abokin nasa nawa yake biya a katifa, yaushe rabonsa da aika wa uwarsa, yaushe rabonsa da fita ba tare da waige ba. Yaron kirki ne, bai yi ƙarya ba. Da muka fito ɗan Alhaji ya ce, "Baba, na ga ɗakin. Amma in na koma me zan yi? Shekara biyu ina wanke motocin da ba nawa ba." Ban da amsa mai daɗi. Na ce masa abu ɗaya nake da shi: ina bukatar mai Faransanci da Turanci da zai riƙa zuwa sari a madadina, ya shigo da biza ya fita da biza. Ya yi shiru har muka iso otal. Da safe ya miƙa wa uwarsa fasfon da hannunsa.

Ranar nan muka shiga jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, kwata ɗaya na awa daga Turai zuwa Asiya. Yara suna jefa wa tsuntsaye burodi, Inna ta riƙe ƙarfe da hannu biyu tana salati, uban da ɗan suna zaune a benci ɗaya ba mai kallon wani.

Mu tara muka tafi, mu tara muka dawo. Yaron ya je mini sari sau biyu tun daga nan, kuma duk tafiya uwarsa ba ta barci sai ya kira daga Akra. Alhaji har yanzu yana cewa da bai kai shi ba da bai ga hanya ba, ni kuma ina cewa hanyar tana cikin wayarsa tun kafin mu sayi tikiti. Ba mu daidaita a kan wannan ba. Matan sun sake buɗe adashi, wannan karon su shida ne, kuma an ce ba a bukatar maza sai mai ɗaukar jaka.