Daga Kano Zuwa Garwa da Ɗan Guziri

 

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su ce sai mai kuɗi ne zai yi ta ba. Mu abokai biyar ne daga Kano, ɗalibai uku da teloli biyu. Mun yi wata shida muna adashi, sannan a hunturun 2023 muka ɗaura niyyar ganin Garwa, wadda ita ce ƙasar waje ta farko da ƙafarmu ta taka. Kuɗin muka haɗa a hannun babbanmu, muka yi guzurin kilishi, ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Motar haya ta bi da mu ta Gombe da Numan har Yola, washegari muka nufi iyaka ta Belel, muka shiga Demsa, muka wuce Gashiga, muka iso Garwa gab da magariba.

A kan iyaka muka fara sanin mun bar gida. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka sai da jandarmomi suka duba fasfo da katin rigakafin shawara, suna tambaya da Faransanci, direba yana fassara mana. Wurin canji kuwa jikinmu ya yi sanyi: damin nairar da muka ɗauko ya koma 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. A nan kuma muka gane cewa sefar Kamaru da Chadi daban take da ta Nijar, ko da yake darajarsu ɗaya. Da muka yi lissafi, muka ga in muka kama ɗaki a otal, kwana biyu kawai za mu iya yi.

Garin da kansa ya sanyaya mana zuciya. Tituna cike da inuwar darbejiya, babura suna kai da kawo, ga dogon burodi irin na Faransawa a teburin mai shayi. Allunan shaguna da Faransanci aka rubuta su, ciniki a kasuwa da Fulatanci ake yi, amma da wuya mu yi taku ashirin ba mu ji Hausa ba. Da aka kira salla muka shiga sahu, babu abin da ya bambanta da masallacin unguwarmu.

Bayan isha'i wani dattijo ya lura da jakunkunanmu, ya ce, "Samari, daga ina?" Muka ce, "Daga Kano, Baba." Ya tambayi masaukinmu, muka sunkuyar da kai. Sai ya ce, "'Ya'yana, baƙon Kano ba ya kwana a tasha alhali ina da zaure." Ya kai mu gidansa a unguwar Hausare, aka shimfiɗa mana tabarmi, aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da kifin Binuwai. Kwana shida muka yi a zauren nan. Ranar tafiya muka haɗa ɗan abin da ya rage muka miƙa, ya ce mu riƙe na mota, addu'a ta ishe shi.

A zauren ne muka fahimci dalilin da ya sa ba mu ji baƙunta ba. Garwa tana cikin lamidodin da a da suke bin Yola, birnin da Modibbo Adama ya kafa a 1841 bayan ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Fatake da malaman Hausa sun bi wannan hanya tun a wancan zamani, suka kafa unguwanni. A 1901 Ingila ta ci Yola, Jamus ta ci Garwa, aka raba ƙasa ɗaya gida biyu. A 1915 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace garin daga Jamusawa, daga bisani ya zama rabon Faransa. A nan aka haifi Ahmadu Ahijo a 1924, wanda ya shugabanci Kamaru daga 1960 zuwa 1982.

Mun je bakin gada mun ga Binuwai ta ja baya saboda rani, masunta a cikin kwalekwale, dorina tana leƙo kai daga nesa. Ruwan nan ne yake gangarawa Yola da Makurɗi har ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 tana ba arewacin Kamaru lantarki, kuma in aka saki ruwanta mutanen Adamawa a Nijeriya su kan ji a jikinsu, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Mun yi sallar Juma'a a babban masallacin Pumpumre, mun kuma leƙa filin wasa na Rumde Ajiya, inda 'yan ƙwallon Nijeriya suka buga gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022.

Roƙonmu ga magidanta shi ne kada a bar zaure ya mutu. Mun lura a Garwa, kamar yadda yake a Kano, sababbin gidaje katanga ce da ƙofar ƙarfe, babu inda baƙo zai ajiye jaka. Addininmu ya ba baƙo haƙƙin kwana uku, kuma almajiri, ɗan kasuwa da mai jinyar ɗan'uwa a asibiti duk suna bukatarsa. Ga matasa masu niyyar tafiya kuwa, ku tanadi takardunku, ku yi lissafi da sefa tun daga gida, ku koyi gaisuwar mutanen gari, ku riƙe sallar jam'i.

Allah Ya saka wa mutanen Garwa da alheri, Ya ƙara zumunci tsakanin Kamaru da Nijeriya, amin.