Kowa Ya Sayi Rariya: Labarin Motarmu Mai Kujera Biyu

Duk wanda ya tashi a zango ya san cewa mota a wurinmu ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Ran da mutum ya ajiye mota a ƙofar gida, to, ranar ya zama direban unguwa: shi zai kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi zai kwashi mata zuwa suna a Ashaiman, shi zai bi gawa zuwa maƙabarta. Saboda haka idan aka ji wasu sun haɗa kuɗi sun sayi motar da ba ta ɗaukar kowa sai mutum biyu, ga ta tsohuwa, ga rufinta na tamfol, ba ta kuma fita sai Asabar da Lahadi, dole a yi magana. Mu ne muka sayi irin wannan mota, mu uku 'yan ɗaki ɗaya a Nima, kuma tun da matasa sun dame mu da tambaya, mun ga ya kyautu mu ba da amsa a wannan fili.

Motar dai Marsandi ce ƙirar 300 SL ta shekarar 1991. Kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera irin wannan jiki, wanda makanikai ke kira R129, daga 1989 zuwa 2001, bayan wadda ta gabace ta, R107, ta shafe shekara 18 ana yin ta. Injinta mai silinda shida ne. Rufinta kuwa ba a taɓa shi da hannu, maɓalli ake dannawa, cikin kamar rabin minti ya naɗe kansa ya shige bayan kujeru. Akwai wani ƙarfe a kwance a baya wanda idan motar za ta kife yake miƙewa da kansa kafin ƙiftawar ido don ya kare kawunan na ciki. Tana kuma zuwa da rufi na biyu na goran ruwa, wanda sai mutum biyu suke iya ɗaga shi. A zamaninta sai manyan masu kuɗi. A 2019 da muka saye ta, kuɗinta bai kai na Corolla 'yar shekara goma ba.

To, a nan tarkon yake. Farashin tsohuwar motar alfarma yana faɗuwa, amma kayan gyaranta ba su san da haka ba, suna nan a kan farashinsu na motar attajirai. Shi ya sa kafin mu biya ko pesewa ɗaya muka bi wasu matakai, waɗanda muke ganin za su amfani mai irin wannan sha'awa.

Na farko, mun nemi wadda ta riga ta shigo ƙasa, da lambarta da takardun kwastan cikakku. Mota mai fiye da shekara goma idan ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema akan ɗora mata tara, tarar kuma tana ƙaruwa gwargwadon tsufanta. A 2020 ma majalisa ta yi wa dokar kwastan gyara don taƙaita shigo da tsofaffin motoci da waɗanda suka yi haɗari. Wani ɗan'uwa da ke Ingila ya nuna mana guda mai araha, muka ce a'a, domin sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun ranar 4 ga Agusta 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama na titi, sai mai sitiyari a hagu.

Na biyu, ba mu tafi da ido kaɗai ba. Mun ɗauki fita wanda ya tsufa a kan Marsandi, muka biya shi kuɗin yininsa. Abin da ya fara yi shi ne ya sa aka buɗe rufin aka rufe har sau biyar a jere. Ya bayyana mana cewa famfo ne ke tura mai zuwa cikin silindoji kusan dozin guda, su ne ke ɗaga rufin su kulle shi, kuma robar da ke bakinsu takan bushe da tsufa. Waɗanda ke saman gilashin gaba idan suka fara yoyo, a kan rigar direba man yake ɗiga. Daga nan ya ɗaga kafet ya shafa ƙasa ko da laima, ya leƙa ƙarƙashi yana neman tsatsa, domin mota da ta zauna kusa da teku iskar gishiri ba ta barin ta. Ya kuma murza wayoyin kan injin da yatsa, saboda wasu motocin kamfanin na farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu rigar wayarsu takan ruguje kamar busasshen ganye. Ya samu silinda biyu na yoyo da tagar baya ta roba wadda rana ta mai da ita rawaya, muka cire kuɗin gyaransu daga ciniki.

Na uku, muka zagaya Abossey Okai da jerin kayan da muka san za a nema, muna tambayar farashi. Kayan injin ba su yi wuya ba, domin irinsa ne a cikin 300 E, wadda ta cika garin nan a da. Amma abin da ya shafi rufi, da fitilu, da robobin ƙofa, sai an aika Jamus ko Amurka. Wani abokinmu ya duba mana Suame Magazine a Kumasi, amsa ɗaya ce. A 2022, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13, motar ta yi wata huɗu a lulluɓe tana jiran ƙaramin abu guda. Ba mu ci bashi don ita ba, kuma ba ta hana kowa zuwa aiki ba, tun da dama ba da ita ake neman abinci ba.

Sai dai duk wannan bincike bai kai nauyin zaman da muka yi da mahaifiyarmu ba. Da muka je mata da maganar, ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta ce, "Mutum nawa take ɗauka?" Babban yayanmu ya ce, "Mutum biyu, Mma." Ta ce, "To, sauran jama'ar fa, a ka za ku ɗauke su?" Ba ta hana ba, amma ta gindaya sharuɗɗa uku. Kada a sayar da tsohuwar bas ɗin gida wadda ke kai mutane suna da jana'iza. Kada kuɗin makarantar yaro ko na maganin tsoho ya jira saboda fetur. Sannan duk ɗan unguwar da zai yi aure, idan ya nemi motar ranar ɗaukar amarya, a ba shi da direba, ba tare da an karɓi ko sisi ba.

Waɗannan sharuɗɗa su ne suka sama wa motar wurin zama a unguwa. Tun muna jin ana cewa almubazzaranci ne, har aka koma ana zuwa da goro ana kama rana. Akwai dattijon da ya fi kowa faɗa a majalisa, shi ne kuma da bakinsa ya ce, "Yarana, ranar auren jikana ku wanke ta da kyau." Mun fahimci cewa mutanenmu ba jin daɗi suke ƙi ba. Abin da ba su yafewa shi ne mutum ya ji daɗi ya rufe ƙofa.

Game da daɗin nata kuwa, gaskiya akwai shi, amma yana da lokaci. Da tsakar rana a Ankara ba mai buɗe rufi sai wanda ke neman ciwon kai, kujerun fata kuma su yi zafi kamar tanda. A cikin cunkoson Circle hayaƙin tiro-tiro kawai za ka sha. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne, a Disamba da Janairu kuma ƙurar hunturu. Lungunanmu da kwatoci da tuddan rage gudu ba su dace da mota mai ƙasa-ƙasa ba, don haka haya muke biya a wani gareji mai inuwa. Lokacinta shi ne safiyar Lahadi bayan sallar Asuba. Mukan bi ta Madina da Adenta, mu fara hawan dutse daga Ayi Mensah, mu wuce Peduase, iska mai sanyi na dukan fuska, birni na shimfiɗe a ƙasa, har lambun Aburi da aka buɗe tun 1890. Bi da bi muke yi: wannan mako wani da maiɗakinsa, wancan mako wani da ɗansa. Ɗayanmu ya ce hirar da ya yi da ɗansa a wannan hanya bai taɓa samun irinta a gida ba, domin a mota mai kujera biyu babu na uku da zai katse magana.

Shawararmu ga matasa ita ce daidai ruwa daidai tsaki. Idan ba ka da motar yau da kullum, ko kana bin kuɗin haya, ko akwai ƙanin da ke zaune a gida don rashin kuɗin makaranta, to, lokaci bai yi ba. Idan kuwa Allah Ya hore, ka ajiye aƙalla sulusin kuɗin sayen a gefe don gyaran shekarar farko, ka sami wurin ajiya mai rufi, ka riƙa tayar da ita kana motsa rufin ko da sau ɗaya a mako, domin zama ya fi tafiya kashe tsohuwar mota. Ka sabunta inshora da takardar lafiyar mota a kan kari ko da sau huɗu kacal take fita a wata. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tamu ma takan zubar, ta gefen tagar direba, idan ruwa ya zo da iska.

Allah Ya ba mu halal, Ya sa mu ci tare da 'yan'uwa, Ya kuma kiyaye hanya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.