Asabar ɗin Ann Arbor: kakar Mishigan ta 2023

Garin Ann Arbor da ke jihar Mishigan ta Amurka bai wuce mutum dubu ɗari da ashirin da ɗoriya ba, amma filin wasan jami'arsa yana ɗaukar mutum 107,601. Duk Amurka babu filin da ya kai shi girma, kuma ɗalibai ne ke buga wasa a ciki.

Ƙwallon da suke bugawa ba tamaula irin tamu ba ce. Doguwa ce mai tsini biyu, ana runguma a ruga da ita ko a jefa wa abokin wasa, 'yan wasa sha ɗaya-sha ɗaya sanye da hular kwano suna karo da juna. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki shida.

Na je garin ne a ƙarshen Nuwamban 2023, lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi. Ranar Asabar 25 ga wata Jami'ar Mishigan za ta karɓi Jami'ar Jihar Ohayo, abokiyar gabarta ta shekara da shekaru, kowacce ta ci wasanninta 11 ba a doke ta ba. Tun da asuba mutane suka jera motoci, suka buɗe bayansu suna gasa nama, tsoho da jikansa duk cikin shuɗi da ruwan ɗorawa, launin ƙungiyar Mishigan. Cinkoson ya tuna mini da ranar hawan daushe a Kano. Da yawansu ba su taɓa zama a ajin jami'ar ba, amma "mu" suke cewa in suna maganar ƙungiyar.

Kocin Mishigan Jim Harbaugh ba ya filin. An dakatar da shi wasanni uku saboda zargin cewa wani ma'aikacinsa, Connor Stalions, yana tura mutane su ɗauki bidiyon alamun da kociyoyin wasu ƙungiyoyi ke yi wa 'yan wasansu da hannu. Mataimakinsa Sherrone Moore ne ya ja ragama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan hutun rabin lokaci. Zak Zinter, ƙaton ɗan wasan Mishigan mai lamba 65, ya karye a ƙafa. Filin nan ya yi tsit, abokan wasansa suka durƙusa, sannan taron ya shiga kiran sunansa har aka fita da shi a ƙaramar mota. Da aka dawo wasa, karon farko abokin wasansa Blake Corum ya keta 'yan Ohayo ya ci maki, ya juyo ya nuna shida da biyar da yatsunsa. Na ga dattawa suna share hawaye. Mishigan ta ci 30 da 24, jama'a suka kwararo cikin fili.

Sauran a talabijin na gani. Ranar 1 ga Janairun 2024 suka doke Alabama 27 da 20 bayan ƙarin lokaci, ranar 8 ga wata kuma suka lallasa Washinton 34 da 13 suka ɗauki kofin ƙasa, na farko tun 1997. Wasa 15, nasara 15.

Zargin nan dai bai bi ruwa ba. A Agustan 2025 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ci tarar Mishigan miliyoyin daloli, ta hukunta Harbaugh da Stalions, amma ta bar musu kofin. A ganina hukuncin ya dace da manyan, domin sun karya doka. Sai dai yaran sun ci Ohayo da Alabama da Washinton ne bayan asirin ya tonu, Stalions ya bar aiki, kuma kowace ƙungiya ta sami damar sauya alamunta.