Hasken da Ba na Lemun Tsami Ba

A wani zaman karatu da muka yi, wani matashi daga cikinmu ya kawo fassarar wani gajeren labari na Turanci. Ana cikin sauraro sai muka ji ya ce wai mawaƙiyar cikin labarin ta "shiga hasken lemun tsami". Ɗaki ya kaure da dariya. Mu ma mun dara, amma da aka ce to wa zai faɗi asalin maganar, sai kowa ya yi tsit. Ashe jirgi ɗaya ne ya kwaso mu.

Abin da Baturen ya rubuta shi ne "in the limelight". Kalmar "lime" kuwa baki biyu gare ta: lemun tsami, da kuma ƙonanniyar farar ƙasa. Ta biyun ake nufi. A shekarun 1820 wani Bature mai suna Goldsworthy Gurney ya gano cewa in aka hura wa dunƙulen farar ƙasar nan wutar iskar oksijin da haidirojin, sai ya yi wani irin farin haske mai kashe ido. Thomas Drummond ya yi aikin safiyo da shi a ƙasar Ayalan, ana hango shi daga nisan fiye da mil 60. A 1837 aka shigar da shi gidan wasan kwaikwayo na Covent Garden a Landan, ana dallare babban ɗan wasa da shi. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 lantarki ya fara ture shi. Fitilar ta tafi, maganar ta zauna.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wannan: fitilar ba ta ci da kanta. Akwai wani bawan Allah a ɓoye, yana juya dunƙulen saboda wuta na cinye shi, yana daidaita iska, yana bin ɗan wasa da haske. In ya karkata hannu, shi ke nan, wani ake kallo. Wato hasken ba na wanda ke cikinsa ba ne, aro aka ba shi.

Mun san wannan a jikinmu. Ranar da aka ƙaddamar da littafinmu na farko, maroƙi ya wasa mu, manya suka yi alkawarin kuɗi, har aka ambace mu a rediyo. Bayan mako biyu aka ƙaddamar da na wani. Muka koma gida da katan-katan na littafi, mai ɗab'i yana aiken a cika masa kuɗinsa. Sai da muka shekara biyu ba mu ɗauki alƙalami ba, muna jiran a sake waiwayo mu. Ba a waiwayo ba.

Shi ya sa a zaman nan muka ƙi yarda da masu cewa a fassara ta da "ɗaukaka" ko "yin suna". Waɗannan suna daɗewa. "Tashe" ko "yayi" sun fi kusa, don kowa ya san yayi wucewa yake yi. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira magariba. Shi dai matashin bai bi kowa ba, ya soke lemun tsaminsa ya rubuta: "idon jama'a ya koma kanta".