Kwana Tara Tsakanin Tafki da Daji

Motar da muka yi haya a Helsinki gida ce sukutum: gadaje, murhun gas, ƙaramin firij, banɗakin da mai jiki sai ya shiga a kaikaice, da tankin ruwa mai cin lita 100. Nauyinta bai haura kilo 3,500 ba, don haka lasin ƙaramar mota ya wadatar. Mu biyar ne, manya biyu da yara uku da aka haifa a nan Finland. A tsakiyar Yuli muka ɗauki hanyar Lahti, muka ratsa Mikkeli, muka nufi Savonlinna da ke bakin tafkin Saimaa.

An ce ƙasar tana da tafkuna kusan 188,000, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasarta daji ne. Mun daɗe muna jin wannan lissafi, amma ganinsa daban. Saimaa kaɗai ya kai murabba'in kilomita 4,400, sai dai ba za ka taɓa ganinsa gaba ɗaya ba, domin tsibirai sun yayyanka shi. A Punkaharju hanya ta hau wani siririn tudu mai tsawon kilomita bakwai, ruwa dama ruwa hagu, itatuwa miƙe kamar turakun lantarki. Ganuwar Olavinlinna kuwa, wadda aka fara ginawa a 1475, mun zaga ta cikin awa guda. Yara sun fi damuwa da askirim.

Abin dariyar shi ne, a tsakiyar wannan ruwa muke ƙirga ruwa. Lita 100 ga mutum biyar ba ta kwana biyu in ana wanka. Sai ga mu muna koya wa yaran abin da aka koya mana zamanin jiran mai garuwa: a jiƙa jiki, a rufe famfo, a sa sabulu, sannan a ɗauraye. Sauro ma yana nan birjik, sai dai galibi cizonsa ƙaiƙayi ne kawai.

Dare ne ya fi ba mu aiki, ko da yake rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma, duhun ma bai cika ba. Dokar ƙasar ta ba kowa damar yawo a daji, ya tsinki 'ya'yan itace, ya kafa tanti na ɗan lokaci ko da filin na wani ne, amma ban da hura wuta ko shiga da mota ba tare da izinin mai shi ba. Saboda haka muka faka a wani filin ajiye motoci da ke bakin daji, mu kaɗai. Yara suka yi barci tun kafin a gama wanke tukunya. Mu manya kuwa ido biyu. Reshe ya karye, mu ɗaga kai. Mota ta wuce daga nesa, mu kasa kunne ko za ta tsaya. Sau uku aka tashi duba ƙofa.

Babu abin da ke wajen sai iska. Tsoron da shi muka zo, tun daga gida. A bakin kakanninmu daji wurin farauta ne da kiwo da saiwar magani, iyakar abin tsoronsa kura da aljanu. A bakinmu yanzu, in an ce Dajin Rugu ko Kamuku, ba wanda zai tuna da itace. "An shiga da shi daji" ta zama jimla mai ma'ana ɗaya tak. Mun san gidajen da suka sayar da gona don karɓo ɗansu. Mun san yadda ake lissafa tafiya daga Abuja zuwa Kaduna don kada magariba ta riski mutum a hanya.

Sai a dare na huɗu barci ya ɗauke mu sosai, shi ma gajiya ce ta yi aikin.

A hanyar dawowa babbar 'yarmu, mai shekara goma sha ɗaya, ta buɗe taswirar Najeriya a waya. Ta riga ta tsara komai: a tashi daga Kano, a ratsa Falgore, a kwana a bakin daji, washegari a shiga Yankari a yi iyo a Wikki. Ta ce, "Baba, Mama, in mun je gida hutun baɗi, akwai irin wannan motar a can?" Muka kalli juna. Aka ce mata motar ba za ta yi wuyar samu ba. Ta rubuta a littafinta, ta koma lissafin kilomita.