Harafi Ɗaya Ya Kwantar Mana Da Sabon Babur



A garinmu Basirka babur yana yin aikin mota da na jaki a haɗe. Da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi ake kai taki gona, da shi ake ɗauko buhu daga kasuwa, kuma a kansa wasu malamanmu suke zuwa makaranta kullum. Kowa a cikinmu ya san Boxer da Jincheng da roba-roba tun daga ƙararsu. Amma mu nawa ne muka taɓa riƙe takardun babur muka karanta abin da aka rubuta a ciki? Mu dai a gidanmu sai bana muka san muhimmancinsu, shi ya sa muka ga ya dace mu ba ku labari, domin Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Shekara uku Baba yana tara kuɗin babur. Bayan kaka ya sayar da riɗinsa, ya haɗa da san da muka yi ta yi wa ciyawa tun yana maraƙi, kuɗi suka haura naira miliyan ɗaya. Shi da Kawu suka tafi Kano, suka sayi Boxer sabo dal. A gabansu aka buɗe kwali aka haɗa shi. Kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya ne yake ƙera irin wannan babur, kuma yawanci a jirgin ruwa kayansa suke zuwa tashar Legas, kafin a yo Arewa da su a manyan motoci. Ranar da aka shigo da shi gida Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka yi ta shigowa suna cewa Allah ya sa a kashe lafiya. Mu kuwa ko ledar kujera ba mu yarda ƙannenmu su taɓa ba. Rasit ɗin da aka ba Baba a shago ya ninke shi huɗu, ya sa a cikin akwatin Inna, aka kulle.

Bayan kwana goma, a hanyar Gwaram jami'an tsaro suka tsayar da Baba saboda babur ɗin ba shi da lamba. Cikin mutunci suka duba rasit, suka ce masa ya gaggauta yin rajista, domin zamanin yanzu babur marar lamba abin zargi ne. Baba bai yi musu ba. Ya sha ba mu labarin yadda aka hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013 saboda masu kai hari a kan babura. Tun daga wancan lokaci jami'ai suke ƙara sa ido a kan duk babur da ba a san mai shi ba.

Washegari Baba ya ɗauki Yaya suka nufi ofishin da ake yin lamba. Ma'aikacin ya karɓi rasit, ya fito waje, ya durƙusa ya leƙa wuyan babur, ya sake duba takarda, ya girgiza kai. Ya ce: “Alhaji, wannan rasit ɗin ba na wannan babur ɗin ba ne.” Yaya ya ce mana a lokacin sai da Baba ya nemi wuri ya zauna.

Ga abin da ya faru. Kowane babur yana da lambobi biyu da aka buga a jikin ƙarfensa tun daga masana'anta. Ɗaya ita ce lambar shasi, tana wuyan babur ƙasa da kan tuƙi. Ɗayar ita ce lambar inji, tana jikin injin ta ƙasa. Su ne sunan babur na gaskiya, domin launi da ƙira duk iri ɗaya ne a babura dubbai. Yaron shagon da ya rubuta rasit ya yi sauri, ya tsallake harafi ɗaya a lambar shasi. Bayan haka, sunan da ya rubuta laƙabin da Kawu yake kiran Baba da shi ne, alhali a katin ɗan ƙasa sunan yanka ne da sunan mahaifi. Sannan ba a ba shi kwafin takardar kwastam ba, wadda take nuna cewa an biya wa kayan haraji da suka shigo Najeriya. Matsala uku ke nan a kan takarda ɗaya. Ma'aikacin ya ce idan ya shigar da lambar da ba daidai ba a kwamfuta, to ya yi wa wani babur rajista ne daban, wanda wataƙila ma babu shi a duniya.

Aka dawo da babur gida aka jingine shi a zaure, aka lulluɓe da tsohon zane. Baba ya ce ba wanda zai hau shi sai an gyara takardu.

Tafiya Kano daga nan ba wasa ba ce. Sai ka bi ta Gwaram, ka wuce Birnin Kudu, ka wuce Wudil, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Baba ya yi sammako ya je, ya tarar mai shago ya yi tafiya, yaran kuma suka ce ba su da ikon buga hatimi a sabon rasit. Ya koma bayan mako ɗaya, ya samu mai shago, aka rubuta masa wani rasit da sunansa na gaskiya, aka ba shi kwafin takardar kwastam. Ya dawo da murna. Da ya kai ofis sai aka ga an cike harafin da ya ɓace, amma inda sifiri yake an rubuta harafin O, inda 8 take kuma rubutun ya fi kama da B. Aka sake dawowa da babur zaure.

Waɗannan makonni sun yi mana tsawo. A cikinsu ƙanwarmu ta kwana da zazzaɓi, sai da Baba ya fita da daddare yana buga ƙofar ɗan acaɓa, ga sabon babur a jingine a zaure. Abin da ya fi ciwo shi ne maganar mutane. A bakin rijiya muka ji ana cewa wai babur ɗin na sata ne shi ya sa aka ɓoye shi. A nan makaranta ma an yi mana wannan tsokanar a lokacin tara. Mun san guminsa ne, mun san wahalar da muka sha a kan san nan, amma ba mu da takardar da za mu nuna. A lokacin ne muka gane cewa a wurin hukuma wanda takarda ta nuna shi ne mai abu.

Wani mutum ya zo har gida ya ce wa Baba ya daina wahalar da kansa, ya kawo kuɗi a kawo masa lamba cikin kwana biyu, ba sai an duba rasit ba. Kawu ya so a karɓa. Baba ya ce a'a, domin lambar da ba ta cikin kwamfutar hukuma gwangwani ce kawai. Ranar da aka sace babur ba za ta taimaka a gano shi ba, ranar da aka bincika kuma mai shi ne zai shiga uku. Ya ce gara jinkiri da abin kunya.

Mun kai maganar wurin malaminmu na lissafi, kuma a nan ne hanya ta buɗe. Malam ya ce lambar shasi ta irin waɗannan babura guda 17 ce cif, haruffa da alƙaluma a gauraye. Ya ce a ƙa'idar da masana'antun duniya suke bi ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta, saboda suna kama da 1 da 0. Ke nan duk wanda ya ga O a lambar shasi ya san sifiri ne aka rubuta ba daidai ba. Ya ƙara da cewa haruffa ukun farko suna nuna ƙasa da kamfani, shi ya sa na Bajaj da ake ƙerawa a Indiya suke farawa da MD2. Sannan ya koya mana wata dabara. Aka ɗora farar takarda a kan lambar da ke wuyan babur, aka goga fensir a hankali, sai ga lambar ta fito fes kamar hoto. Muka yi haka a wuya da kuma jikin inji, muka ƙirga, muka kwafe da manyan baƙaƙe a littafinmu na rubutu.

A tafiya ta uku Baba ya tafi da Yaya da littafin. Yaya ya tsaya a kan yaron shago yana karanta masa harafi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana rubutawa. Da aka gama suka sake karantawa daga ƙarshe zuwa farko, sannan aka buga hatimi, mai shago ya sa hannu. Da aka kai ofis ko minti goma ba a yi ba aka karɓi takardun. Ma'aikacin ya ga gogen fensir ɗinmu ya yi dariya, ya ce wa Baba: “Alhaji, ka riƙe yaran nan da kyau.”

Takardun da Baba ya samu a ƙarshe mun karanta su ɗaya bayan ɗaya. Akwai takardar shaidar mallaka, akwai lasisin babur da ake sabuntawa duk shekara, akwai kuma inshora, wadda take biyan wanda ka yi wa ɓarna idan an yi hatsari. A watan Janairun 2023 aka mayar da kuɗin wannan inshora na babur naira 3,000 a shekara, kuma daga ranar 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta bincikenta a duk ƙasa. Ita kuwa lamba, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ita take kula da tsarinta, ana kuma karɓarta ta hannun hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. An kafa FRSC a 1988, kuma marubucin nan Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A jikin lamba akwai haruffa uku da suke nuna ƙaramar hukuma, kamar DUT na Dutse, cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa. Launin rubutun ma magana yake yi: shuɗi na abin hawan mutum na kansa ne, ja na haya, kore na gwamnati. Ku duba baburan da ake ajiyewa a gindin bishiyar ofishin malamai za ku gani.

Yanzu ga roƙonmu ga 'yan uwa ɗalibai. Da yawa daga cikin iyayenmu sun yi karatun allo mai zurfi, suna karanta ajami, amma rasit da boko ake rubuta shi. Mu aka sa a makaranta, don haka wannan aikinmu ne. Idan za a sayi babur a gidanku, ku nemi a tafi da ku ko da yayanku. Kafin a bar shago ku gwada lambar shasi da ta inji da abin da aka rubuta, ku ƙirga ku tabbatar. Ku duba sunan mai saye ya zama daidai da na katin ɗan ƙasa, ba laƙabi ba. Ku tambayi takardar kwastam, ku ga hatimi da sa hannu da kwanan wata. Idan na hannu ne za a saya, a karɓi tsofaffin takardu, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu da mai unguwa. A yi fotokwafi a riƙa yawo da shi, na asali a adana a gida inda gara da ruwa ba za su kai ba.

Wanda kuma gidansu akwai babur tun tuni, yau in an tashi ya roƙi Baba ya fito da takardu a duba. Takarda ɗaya da fensir sun isa, kuma gara a gano kuskure a tsakar gida da a gano shi a bakin shinge. Sai dai mu tuna, duba takarda ne namu. Tuƙi sai mun kai shekara 18 mun yi lasisi, mun sa hular kwano.

 Allah ya tsare iyayenmu a kan hanya, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare.