A Bakin Tekun Jafan, Inda Aka Kafa Kunne a Ƙarƙashin Ruwa

Daga birnin Sendai muka shiga jirgin ƙasa, tafiyar wajen awa ɗaya ta kawo mu Ishinomaki, garin masunta a arewa maso gabashin Jafan. A cikin garin akwai wani tudu mai suna Hiyoriyama. Da muka hau, sai ga teku a shimfiɗe, ga kuma wani fili mai faɗi a gindin tudun. Dā unguwa ce cike da gidaje. Ran 11 ga Maris, 2011, aka yi babbar girgizar ƙasa, teku ya taso ya share unguwar. Mutum fiye da 3,000 suka hallaka a wannan gari kaɗai. Waɗanda suka gudo kan tudun suka tsira.

Me ya kawo wannan? Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, ɓangare-ɓangare ne kamar fasasshiyar ƙwarya. Wajen kilomita 200 daga gaɓar nan, ɓangaren da ke ɗauke da Tekun Fasifik yana nutsewa ƙarƙashin Jafan, misalin santimita 8 kowace shekara, wato faɗin tafin hannu. Bakin ɓangarorin biyu yakan maƙale, ya yi ta tanƙwaruwa kamar baka. Ran da ya kuɓuce, sai ƙasan teku ya zabura, ya ture ruwan da ke bisansa.

A ranar nan gargaɗi ya fito cikin minti uku, amma an ce ruwa zai kai mita 6 a wannan jiha ta Miyagi. Ya wuce haka nesa. Yawancin na'urorin awo a kan tudu suke a lokacin, motsin kuwa can cikin teku ya faru.

Awon ƙasan teku da wuya, gama saƙon tauraron ɗan adam ba ya ratsa ruwa. Amma sauti yana ratsawa. Saboda haka akan ajiye na'urori a ƙasan teku, jirgin ruwa ya zo bisansu ya aika da sauti, su kuma su amsa. Daga lokacin da amsar ta ɗauka akan san inda suke. Bayan girgizar, ma'aikatan tsaron gaɓar Jafan suka tarar wurin da suka ajiye na'urorinsu daura da Miyagi ya gusa mita 24, ya kuma ɗaga mita 3.

Jirgin ruwa kuwa ba kullum yake wurin ba. Don haka aka shimfiɗa waya fiye da kilomita 5,000 a ƙasan teku, da tashoshin awo 150 a jikinta. Ana kiranta S-net, ta soma aiki a 2016. Dare da rana tana jin girgiza, tana auna nauyin ruwa. In igiyar ruwa ta wuce ta bisanta, nauyin ya ƙaru, nan take labari ya kai gaɓa. Ta haka ana iya gano igiyar ruwan kusan minti 20 kafin lokacin da ake gano ta a dā.

Mai karatu, minti 20 ba kaɗan ba ne ga uwa mai goyo ko tsoho mai sanda. Duk da haka na'ura ba ta ɗaukar kowa ta kai shi tudu. Shi ya sa ake koya wa yaran makaranta a gaɓar nan su nufi tudu da gudu, kada su koma ɗaukar kaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.